RA'AYI: Duwatsu biyu a yini guda, da aikin ofis da ke ƙarƙashinsu

Wata Asabar a cikin watan Yuni, lokacin da nake wani kwas na ƙaro ilimi a ƙasar Sikotland, wani abokin karatuna ya ja ni zuwa hawan dutse tare da ƙungiyar unguwarsu. Don kunya na amsa, domin a ganina na wancan lokaci, magidanci mai hankali ba ya barin shimfiɗarsa da asuba ya tafi hawan dutsen da bai ajiye komai a kansa ba. Mu goma sha ɗaya muka taru a wurin ajiye motoci da ke gindin dutsen Ben Lawers, arewa da tafkin Tay. A cikinmu akwai direban bas, da ma'aikaciyar jinya, da mai gyaran famfo, da ɗalibai biyu, da wani dattijo da ya haura shekara saba'in. Jagorarmu malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Babu attajiri a cikin tawagar, babu mai muƙami, ba a nemi izinin kowa ba, kuma ba a ɗauki ɗan sanda ko ɗaya ba. Kafin la'asar sakaliya an hau ƙololuwa biyu an sauko, ana ta zuba shayi daga filas ana ba'a.

Na daɗe ina juya wannan yini a raina. Kyawun wurin ya fara dusashewa a tunanina, amma abu guda ya ƙi barina, wato yawan aikin hukuma da muka taka muka wuce a ranar ba tare da wani ya ambace shi ba. Tun da yawancin masu karanta wannan shafi ma'aikatan gwamnati ne da hadiman manya, ina ganin su suka fi cancanta su ji labarin, domin irin aikinsu ne ya kai mu can ya kuma dawo da mu lafiya.

Yadda yinin ya kasance

Kafin a ɗaga ƙafa, jagorar ta shimfiɗa taswira a kan murfin mota, ta danne gefenta da filas saboda iska. Ta bi hanyar da yatsa tana yi mana bayani. Za a fara da Beinn Ghlas, mai tsayin mita 1,103, a gangaro zuwa wani wuya da ya haɗa duwatsun biyu kamar sirdin doki, sannan a hau Ben Lawers, mai mita 1,214, wanda shi ne na goma a tsayi a ƙasar. A dawowa ba sai an sake hawa na farkon ba, akwai wata tsohuwar turba da ta kewaye shi ta gefe. Tafiyar gaba ɗaya ta ɗan haura kilomita 10, hawan da ke cikinta kuma ya haura mita 900.

Ta lissafa lokaci da wata ƙa'ida da wani mahayin dutse mai suna William Naismith ya fitar a 1892: awa guda ga kowane kilomita 5, a ƙara awa guda ga kowane mita 600 na hawa. Lissafin ya ba da kusan awa huɗu. Ta ƙara biyu saboda hutu da kuma mafi rauni a cikinmu, ta dube ni ta yi murmushi. Daga nan ta karanta hasashen yanayin da aka fitar musamman don duwatsun yankin, wanda ya ce bayan ƙarfe ɗaya gajimare zai sauko ya rufe ƙololuwa, iska kuma za ta yi ƙarfi da yamma. A kan haka ta yanke hukunci tun muna ƙasa: duk inda ƙarfe biyu ta same mu, ko da saura taku ɗari a kai ƙarshe, juyawa za a yi. Ta kuma gaya mana ta bar wa maigidanta takarda mai ɗauke da hanyar da za mu bi, da yawanmu, da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ta.

Ni ne na zama kurar baya. Dattijon nan aka ɗora wa aikin tafiya a ƙarshen layi don kada a bar kowa, saboda haka muka yini tare, ina haki yana ba ni labarin jikokinsa. Wajen tsakar rana muka kai kan Beinn Ghlas, tafkin Tay yana shimfiɗe can ƙasa. Da muka gangaro wuyan nan, mai gyaran famfo ya ce gwiwarsa ta fara yi masa gardama, zai bi turbar gefe ya sauka. Ba wanda ya ce masa ya daure. Ma'aikaciyar jinya ta ce ita ta taɓa hawa wannan dutse, za ta raka shi, suka juya su biyu. Mu tara muka ci gaba. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci gajimaren ya iso kamar yadda aka faɗa, duniya ta koma fari fat, mutum ba ya ganin abin da ya wuce taku goma. Jagorar ta fito da kamfas ta ɗora a kan taswira, ta ƙirga mu, ta ce kowa ya riƙa ganin jakar na gabansa. Can sai wani ɗan ginshiƙin siminti ya bayyana a cikin hazon. Shi ne ƙololuwar. Ba mu ga komai daga can ba sai fuskokin juna, muka yi minti goma muka kamo hanyar gida.

Abu na farko: doka

Ba mu nemi izini ba saboda doka ta riga ta ba mu. A 2003 majalisar dokokin Sikotland ta zartar da dokar gyaran harkar ƙasa, wadda sashenta na shiga filaye ya fara aiki a watan Fabrairun 2005. Dokar ta ba kowane mutum haƙƙin ratsa mafi yawan ƙasa da ruwayen cikin ƙasar da ƙafa, ko keke, ko doki, ko kwalekwale, ko da kuwa filin mallakar wani ne. Ta cire gidaje da farfajiyarsu, da gonakin da aka shuka, ta kuma cire tafiya da abin hawa mai inji. Sharaɗinta shi ne mutum ya kiyaye haƙƙin wasu, ya kula da muhalli, ya ɗauki alhakin kansa. Ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin kare wannan haƙƙi da tsara manyan turbobin ƙafa na yankunansu.

Ba a dare ɗaya aka samu wannan ba. A 1847 wani farfesan ilimin tsirrai, John Hutton Balfour, ya ɗauki ɗalibansa za su ratsa kwarin Glen Tilt, basaraken Atholl ya tare musu hanya da mutanensa. Maganar ta kai kotu, aka tabbatar cewa hanyar ta jama'a ce. A 1884 wani ɗan majalisa, James Bryce, ya gabatar da ƙudurin buɗe wa jama'a duwatsun Sikotland, aka ƙi. Ya sake kawowa ba sau ɗaya ba, har ya bar duniya bai ga dokar ba. Tsakanin ƙudurinsa na farko da dokar 2003 akwai shekara 119. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, amma sai an sami masu riƙe fayil ɗin hannu bayan hannu ba su bari ya ɓace ba.

Abu na biyu: taswira

Takardar da aka shimfiɗa a kan mota ta hukumar safiyon Birtaniya ce, Ordnance Survey, wadda aka kafa a 1791. Tushenta aikin soja ne: bayan tawayen 1745, aka sa William Roy ya auna Sikotland tsakanin 1747 da 1755 don sojojin sarki su san inda suke sa ƙafa. Abin da aka fara don yaƙi, yau shi ne a aljihun malamar makaranta mai ritaya. A irin taswirar da muka riƙe, kowane santimita biyu kilomita guda ne a ƙasa, kuma kowane layin tudu yana nuna ƙarin mita 10. Ana sayenta a kantin littattafai da kuɗin da bai fi na abincin rana ba. Ginshiƙin simintin da ya fito mana a cikin hazo ɗaya ne daga cikin dubbai da ma'aikatan hukumar suka fara ginawa a 1936 don sabunta awon ƙasar. Wasu bayin Allah ne suka ɗauko siminti da yashi a gadon bayansu zuwa wannan tsayi, suka gama suka koma, babu wanda ya san sunayensu.

Akwai wani labari game da wannan dutse da nake so kowane ma'aikaci mai hulɗa da alƙaluma ya ji. Mutanen can da ƙafa suke auna tsayi a da, kuma Ben Lawers ƙafa 3,983 ne, wato saura ƙafa 17 ya cika 4,000. Wannan giɓi ya tsaya wa wasu masoya dutsen a rai. A 1878 wani mai suna Malcolm Ferguson ya tara ma'aikata suka hau suka jibga tulin duwatsu a kan ƙololuwar don ya cike abin da ya rage. Masu safiyo suka ƙi sa tulin a lissafi, suka ce hannun mutum ne ya ɗora shi, ba jikin dutsen ba ne. Tulin ya rushe da daɗewa, lambar gaskiya kuma tana nan a taswira.

Haka suke yi har yau. Tun 1891 Sir Hugh Munro ya wallafa jerin duwatsun Sikotland da suka kai ƙafa 3,000, kuma dubban mutane sun mayar da hawansu duka burin rayuwa. A yanzu 282 ne a jerin. A 2009 aka sake auna ɗaya daga cikinsu da na'urorin zamani, aka tarar ya gaza da kimanin mita guda, aka cire shi. Dalilin wannan tsanani a fili yake. Ranar da gajimare ya rufe mutum a bakin gangare, ransa yana rataye ne a kan cewa wanda ya zana layin nan bai ƙara ba, bai rage ba, bai kuma zauna a ofis ya ƙirƙira ba. Duk wanda aka taɓa cewa ya ɗan gyara lambobin wani rahoto don su yi wa oga daɗin karantawa, ya san irin tulin da Ferguson ya gina.

Abu na uku da na huɗu: hasashe da ceto

Hasashen da jagorarmu ta karanta ya bambanta da na gari. Ya faɗi tsayin da gajimare zai sauko, da ƙarfin iska a kan tudu, da irin sanyin da jiki zai ji a can. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi a kowane mita 1,000 na hawa, iska kuma tana ƙara tsananta shi. Mutum zai bar mota da 'yar shara, ya tarar da hunturu a sama. Hukumar yanayin ƙasar tana fitar da irin wannan hasashe na duwatsu kullum, kyauta, kuma da shi jagorar ta tsayar da ƙarfe biyu a matsayin lokacin juyawa.

Da gwiwar mai gyaran famfo ta ƙi ɗaukarsa gaba ɗaya, da lamba 999 za a kira, a nemi 'yan sanda, a ce ana buƙatar masu ceto a dutse. 'Yan sanda ke da alhakin haɗa aikin, amma yawancin waɗanda za su fito da gadon ɗaukar majinyaci mutanen ƙauyukan yankin ne masu aikin sa-kai, manoma da malamai da makanikai, waɗanda ba a biyansu albashi. Gwamnati tana tallafa musu, jama'a suna ba da gudummawa, wanda aka ceto kuma ba a karɓar ko sisinsa.

Wannan tsari ma da hawaye aka gina shi. A watan Nuwamban 1971 guguwar ƙanƙara ta rutsa da wata tawagar 'yan makaranta a kan tudun Cairngorm, yara biyar suka rasu tare da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu. Aka yi binciken shari'a a bainar jama'a. Bayansa aka tsananta horon da ake buƙata kafin mutum ya jagoranci yara zuwa dutse, aka kuma rushe wasu 'yan ɗakunan fakewa da ke can sama, bisa hujjar cewa suna ruɗar mutane su ci gaba a lokacin da ya kamata su juya. Rahoton bai kwanta a kabad ba. Malamar da ta ƙirga mu a cikin hazo, tana aiki ne da darasin da aka saya da rayukan waɗannan yara.

Abin da bai kamata a kwaikwaya ba

Kada mai karatu ya ɗauka komai na can abin yabo ne. A hanyar saukowa mun ratsa kufan wasu 'yan bukkokin dutse. Dattijon ya ce mini nan ne mutanen ƙauyukan bakin tafki suke kawo shanunsu kiwo da bazara, mata da yara su zauna suna tatsa suna kaɗa man shanu, kamar dai mashekarin Fulani. Yanzu babu kowa. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, masu mallakar ƙasa a tsaunukan Sikotland sun tashi talakawa masu yawa daga gonakinsu don su sa tumaki, da yawansu suka ƙare a biranen masana'antu ko a Kanada da Ostireliya. Shirun da baƙo yake sha'awa a waɗannan duwatsu, wani ɓangarensa shirun kufai ne. Ben Lawers kansa tun 1950 yana hannun wata ƙungiyar kula da kayan tarihi da muhalli, National Trust for Scotland, ita ke gyara turbar da muka bi, tana kuma kare tsirran da ba a cika samunsu a wani wuri a Birtaniya ba.

Duwatsunmu suna da mutanensu. Wannan alheri ne, kuma duk tsarin da zai fara da korarsu ko yin kamar ba su nan, ya ɓaci tun ran gini.

Mu dawo gida

Abin da ya fi ba ni kunya bayan na dawo shi ne gano cewa tsayin da na sha wahalar kaiwa, kusan shi ne tsayin da garin Jos yake zaune a kai, wato kimanin mita 1,200. Mai shan shayi a Taminus yana daidai da ƙololuwar Ben Lawers bai sani ba. Duwatsun Shere da ke gefen garin sun kai kimanin mita 1,800. Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, a gandun dajin Gashaka Gumti kusa da iyakar Kamaru, mita 2,419 ne, ya fi kowane dutse a Nijeriya, ya kuma zarce Ben Nevis, mafi tsayi a duk Birtaniya, da fiye da mita 1,000. Abuja kanta a tsakiyar duwatsu aka kafa ta. Kuma sha'awar ta riga ta iso: duk wanda ke fita da sassafe ranar Asabar ya ga ayarin matasa, har da magidanta, suna nufar tuddan Ushafa, Dawaki, Katampe da Mpape da gorunan ruwa a hannu.

Hukumomin ma muna da su. Akwai Ofishin Babban Jami'in Safiyo na Tarayya, akwai hukumar hasashen yanayi ta NiMet, akwai Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa, akwai lambar gaggawa ta 112. Akwai ma makarantar horon hawan dutse ta gwamnatin tarayya a Shere, ƙarƙashin Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, wadda jama'a suka fi sani da Man O' War, kuma ma'aikata da dama sun taɓa yin kwas a can. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan guntaye su zama abin da talaka zai iya dogara da shi ranar Asabar.

Na san abin da za a ce, domin ni ma na faɗa wa kaina. Za a ce ƙasar da ake fama da tsadar abinci ba ta da lokacin hawan dutse, wannan shagalin ƙoshi ne. Za a kuma ce duwatsu da dazuka sun zama maɓoyar masu garkuwa da mutane, wa zai tura jama'a can? Maganganun biyu suna da nauyi, kuma ba na kiran kowa ya je inda jami'an tsaro suka ce kada a je. Sai dai a duba abubuwan nan huɗu da kyau. Taswira mai gaskiya, sojan da ke bin sawun ɓarayi ya fi mai yawon buɗe ido buƙatarta, haka injiniyan da zai ja bututun ruwa. Hasashen da zai faɗi lokacin da tsawa za ta sauka a Mambila, makiyayi da manomi ne za su fara cin moriyarsa. Tawagar da ta iya sauko da mai karaya daga kan dutse, ita ce za ta fito ranar da ƙasa ta zaftare ko mota ta faɗa kwazazzabo. Mai hawan dutse ɗan rakiya ne kawai a cikin masu amfana. Game da tsaro kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tudun da mutanen kirki suke hawa kowane mako, wanda mai unguwa ya san masu zuwa, 'yan sanda suka san turbobinsa, ya fi wuyar zama sansanin ɓata-gari a kan wanda kowa ya juya wa baya.

Akwai kuma abin da ba zai jira a gama maganar tsaro ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta yi bayani a kan wanda ƙasa take hannunsa da yadda ake samun takardar mallaka. Mai wucewa da ƙafa kuwa, al'ada aka bar wa shi. Al'adar tamu ta san wannan haƙƙi tun kafin Bature: kowane ƙauye yana da turbar rafi, da hanyar kasuwa, da burtalin da aka bar wa shanu tsakanin gonaki. Mun kuma ga abin da ya biyo baya a wuraren da gonaki suka cinye burtali. Irin wannan cinyewa ce take faruwa a gindin duwatsun Abuja a hankali. Ana yanka filaye, katanga tana haɗuwa da katanga, wata rana a wayi gari dutsen yana nan tsaye amma babu ta inda za a kai gare shi sai ta falon wani. Wani tudun kuma nakiyar masu fasa dutse ce take cin sa. Ramin da aka bari a Mpape ya cika da ruwa har ya zama wurin ɗaukar hoto, amma dutsen da aka fasa ba ya tsirowa.

Abin da ke hannun masu karatu

Ba sabuwar hukuma nake roƙo ba, muna da isassu. Abubuwa huɗu nake ganin za a iya farawa da su daga teburan da ake da su yanzu.

Na ɗaya, masu kula da filayen Babban Birnin Tarayya su tantance tuddan da jama'a ke hawa, a shigar da su rajistar filaye a matsayin wuraren da ba a rabawa, a kuma ware wa kowannensu hanyar ƙafa tun kafin a raba filayen da ke gindinsa. Ware taku biyar a takarda yau ya fi rushe gidan mutum gobe sauƙi.

Na biyu, a zaɓi wurare kaɗan, misali kewayen Abuja, da Shere, da hanyar Chappal Waddi, a fitar da sabuwar taswirarsu mai nuna tudu da gangare da turbobi da ƙoramu, a sa ta inda kowa zai iya saukewa a wayarsa ko ya saya da kuɗi kaɗan. Taswirar da sai an rubuta takardar neman izini kafin a gan ta, ba ta ceton kowa.

Na uku, hasashen ƙarshen mako na manyan tuddai, a cikin harsunan da mutanen wurin ke ji, musamman da damina, lokacin da tsawa a kan falalen dutse take kisa.

Na huɗu, a fara da masu wurin. A zauna da sarakunan Gbagyi da sauran masu ƙasa, a ji inda suka yarda a taka da inda yake da alfarma a wurinsu. A ɗauki 'ya'yansu a horar da su a Shere su zama jagorori masu takardar shaida, waɗanda suka iya taimakon gaggawa, kuɗin jagoranci kuma ya shiga aljihunsu. Daga cikinsu ne tawagar ceto za ta fito, tare da 'yan kwana-kwana da jami'an tsaron farin kaya.

Matsalar waɗannan ayyuka ita ce babu wanda ake yanka wa kyalle. Ba a kiran 'yan jarida don an ware hanyar ƙafa a rajista, ba a kafa allo mai hoton minista a kan layin taswira. Shi ya sa suke mutuwa a matakin kasafin kuɗi, sai fa idan an sami darakta da ya nace, ko hadimin da ya san lokacin da zai sa wa maigidansa magana a kunne. Hadimin da ke da kunnen oga na minti biyar a mota tsakanin ofis da filin jirgi, yana riƙe da abin da ƙungiyoyi suke shekara suna nema.

Da muka sauko a ranar, mun tarar da mai gyaran famfo zaune a bayan mota ya miƙe ƙafa, ya riga ya shanye rabin shayin tawagar. Jagorar ta sake ƙirga mu, goma sha ɗaya cif, ta kira maigidanta ta ce ya yaga takardar. Na tambayi dattijon ko ya san wanda ya gina ginshiƙin da muka taɓa a sama. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wani ma'aikacin gwamnati ne dai. Ina fata wata rana wata malamar makaranta daga Kubwa ko Nyanya za ta kwashi maƙwabtanta goma su hau tuddai biyu a yini guda su dawo lafiya, idan aka tambaye ta wanda ya share mata hanya, ita ma ta ba da irin wannan amsa.